Ku Bar Yaro Ya Sha Iska

Wani hukunci ya zauna daram a unguwanninmu na birni ba tare da an san wanda ya yanke shi ba: yaro ɗan shekara biyar ya fito ƙofar gida da gajeren wando ba riga, to uwarsa ba ta da tarbiyya, ubansa kuma sakarai ne. Matan layi su taɓe baki, dattijon da ke kan dakali ya girgiza kai, wani malamin waya ya ɗauki maganar ya mayar da ita alamar tashin alƙiyama. Ni ban yarda ba. Na kuma daɗe ina sauraron hujjojin masu wannan hukunci, ban ga wadda ta tsaya da ƙafarta ba.

Da addini ake fara tsorata mutane, don haka mu fara da shi. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ahalari, littafin da ake fara wa ɗalibi kafin Ishmawi da Iziyya da Risala, ya san iyakar al'aurar namiji: tsakanin cibiya da gwiwa. Wannan fa na baligi ne, mai gemu, mai iyali. Ƙirjinsa da bayansa ba su shiga ciki ba. Game da ƙaramin yaro kuwa malaman Malikiyya sun sassauta ƙwarai, don shari'a ba ta hau kansa ba tukuna. Tarbiyyar da addini ya koyar hawa-hawa ce, a umarci yaro da salla yana shekara bakwai, a raba wa yara shimfiɗa suna shekara goma. To daga ina aka samo dokar da ta ɗora wa ɗan yaye abin da ba a ɗora wa ubansa ba? Mai son ya tsananta wa gidansa yana da iko. Amma kada ya jingina wa Allah abin da zuciyarsa ce ta raya masa, ya kuma ɗauki sandar ya bi gidajen maƙwabta.

Idan addini ya ƙi ba su, sai su koma al'ada, wai Bahaushe mutum ne mai kunya. Gaskiya ne, amma a tambayi duk wanda ya haura sittin da me ya yi yawo a ƙuruciyarsa. Bante ne. Manomi da warki yake shiga gona. Langa a dandali ba a yin ta da riga, don wanda ya sa riga ya ba abokin karawarsa wurin kamawa. Shago da Ɗandunawa ba da taguwa suka yi suna a fagen dambe ba. Kokawar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, gwamnoni da sarakuna ke zama su kalla, 'yan kokawar kuma ƙirji a waje. Masuntan Argungu haka suke faɗawa Matan Fada a gaban sarki da baƙinsa, samarin Fulani haka suke tsayawa a sharo. Ba wanda ya ce al'ada ta rushe. Abin dariyar ma, alhajin da ya daka wa yaron maƙwabci tsawa da la'asar, shi ne da dare zai kishingiɗa yana kallon damben a wayarsa yana "kashe shi!"

Sai zafi, wanda masu hukuncin ke yi kamar ba a ƙasar suke ba. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ma'aunin zafi ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. A Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5. Kakanninmu sun yi ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara wanda ke riƙe sanyi. Mu kuwa mun koma bulo da kwano, ba silin, ba wuta, ba bishiya a tsakar gida don an sare an yi ɗakin haya. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma bai san ya tsaya ya huta ko ya nemi ruwa ba sai ya galabaita. Sannan a duba irin rigar da ake cewa dole ya sa. Ba saƙi ba ce, ba auduga ba ce. Rigar ƙwallo ce ta roba, ko gwanjon da aka ɗinka don ƙasashen sanyi, wadda ba ta shan gumi kuma ba ta barin iska ta ratsa. Ɗaga wa yaron rigar da yamma ka gani: ƙurajen zafi sun feso tun daga wuya har gadon baya, jajaye ƙanana, ya sosa har wasu sun yi ruwa. Da dare ya hana kowa barci, uwar na bin sa da hoda da mafici. Gobe kuma a sake cusa shi cikin rigar don kada mutane su yi magana.

Wanki ma wani abu ne da mai surutu ba ya lissafawa. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa, tana da yara huɗu masu birgima a ƙasa, ga sabulu ya yi tsada, idan ta ajiye rigunan don makaranta da Islamiyya da unguwa ta bar su su yi wasa da wando, hankali ta yi.

Anan ne nake ganin gaskiyar maganar take. Ku saurari yadda ake faɗa wa yaron. Ba a cewa "zo ka rufe jikinka, Allah ya hana." Cewa ake yi, "Zo ka sa riga, kana yawo kamar ɗan ƙauye!" Ko kuma, "Kamar wanda ba shi da gata!" Na taɓa zama a wani gida da rana tsaka, yara maza uku na ta ƙwallon tsumma a soro, sai aka ji tsayuwar mota a waje. Nan da nan uwar ta miƙe tana raɗa da ƙarfi, "Ku zo, ku zo, Hajiya ce, kada ku ja mini magana!" Aka zura musu riguna a kan gumi da ƙura, ɗaya ma a bai-bai. Hajiya ta shigo, ta shafa kansu, ta ce, "Masha Allah, Yaya ta iya kula da yara." Tana fita aka tuɓe. Ba kunyar Allah aka ji ba a wannan gida, ba kuma lafiyar yaran aka duba ba. Tsoron kada a ce ba su da shi ne. Wannan tsoro ba zunubi ba ne, kowa na da shi, amma a kira shi da sunansa.

Mai musu ya duba almajiri. Yaro ɗan shekara bakwai, riga ta yage tun daga kafaɗa, ƙafa ba takalmi, kirci a kai, yana tsaye da roba a ƙofar gidan mutumin da ya gama wa'azin sutura. Sau nawa aka shiga ɗaki aka ɗauko masa riga? "Allah ya ba da haƙuri" ake ce masa. In da tsiraicin yaro ne ke damun mutane da gaske, da wannan yaron aka fara.

Hujja ɗaya ce nake girmamawa, ta iyayen da ke tsoron masu lalata da yara. Tsoron nan ba na banza ba ne. Sai dai riga ba ta taɓa kare yaro daga mugu ba. Yarinyar da ake aikawa talla tasha ko kangon gini da magariba, hijabinta har ƙasa, ta fi yaron da ke langa ba riga a gaban kakarsa shiga haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ke kare yaro shi ne a san inda yake, a san da wa yake, ya kuma san idan ya zo da magana za a saurare shi ba a rufe masa baki don gudun abin kunya ba. Akwai kuma illa a wannan hujja idan aka bi ta har ƙarshe, don tana ɗauke laifi daga kan babban banza mai mugun ido ta ɗora a kan yaro da uwarsa. Kuma da yawa daga masu tsoron idon maƙwabta su ne ke ɗaukar hoton yaransu suna wanka a ruwan sama su watsa a Facebook da TikTok, inda ba su san idon da zai gani ba.

Kada a ce na manta da 'ya'ya mata. A koya wa yarinya sutura tun tana ƙarama, ba mai ja. Amma 'yar shekara biyu da ake naɗewa cikin hijabin roba mai jan ƙasa a tsakiyar bazara, tana tuntuɓe da shi, ana kuma goya ta a babur gefensa na lilo kusa da taya, wannan ado ne na iyaye, ita ba ta san ana yi ba.

Akwai lokutan da nake gaba wajen cewa a sa wa yaro riga, kuma su ne lokutan da masu hukuncin ba su cika magana ba. Da sanyin hunturu, sassafe, za ka ga jariri na rarrafe a tsakar gida ba komai a jikinsa, hanci na zuba, ga tari ga ciwon haƙarƙari na jira. Da damina, daga magariba, sauro ya fito, riga mai dogon hannu da gidan sauro sun fi kowace nasiha amfani. Sai yaro zabiya, wanda rana ke ƙona masa fata har ta iya kai shi ga ciwon daji. Shi kam a kowane wata yana buƙatar riga mai dogon hannu da malafa, kuma a yawancin unguwannin da na sani ba a taɓa taka wa iyayensa har gida an gaya musu haka ba.