Mawaƙin Soweto da na'urarsa: cin amana ne ko neman na kai?

Duk ɗan kasuwar da ya tashi a shagon ubangida ya san ranar da yaro zai ce yana son buɗe tasa rumfar, ya kuma san irin maganganun da kan biyo baya: wasu su ce ya yi butulci, wasu su ce ya yi gaggawa. Haka abin yake a duniyar waƙa. Misalin da muke son mu duba yau shi ne na Nthato Mokgata, wanda aka fi sani da Spoek Mathambo, ɗan Soweto a Afirka ta Kudu, haifaffen 1985.

Wannan matashi ya fara ne da waƙar rap, wato jero magana a kan kiɗa, ya kuma yi suna cikin ƙungiyoyi biyu, Sweat.X da Playdoe. A shekarar 2010 sai ya fito shi kaɗai da faifai mai suna Mshini Wam, inda ya gauraya rap da kwaito na unguwannin baƙar fata, da kiɗan na'ura irin na gidajen rawa, da kuma dubstep. Shi dubstep an haife shi ne a kudancin Landan, wajejen Croydon, a farkon shekarun 2000. Tushensa kiɗan dub na Jamaika da kiɗan garage na Ingila, gudunsa kimanin bugu 140 a minti, alamarsa kuwa wani amo mai kauri wanda ƙirji ke ji kafin kunne.

Masu suka a irin wannan lamari hujjarsu ba ta wuce biyu ba. Ta farko, rap bakin talaka ne, wanda ya nutsar da magana cikin rugugin na'ura ya kashe saƙo. Ta biyu, kayan aro ba ya rufe katara, don haka ɗan Afirka ba shi da abin nema a kiɗan Turawa.

Hujja ta farko ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sunan faifan kansa siyasa ne, domin yana tuna wa kowane ɗan ƙasar wata waƙar zamanin yaƙi da wariyar launin fata wadda Jacob Zuma ya mayar taken tarurrukansa, kuma na'urar da ake nufi a cikinta bindiga ce. A ganinmu, matashin da ya ɗauki wannan suna ya ɗora wa faifan da aka haɗa da kwamfuta, shekara guda bayan Zuma ya hau mulki a 2009, bai gudu daga siyasa ba. Tambaya ya jefa wa shugabanni: wace na'ura ce ƴaƴan da suka girma bayan zaɓen 1994 suke bukata?

Ta biyu ma haka. Wa ya ari na wa? Dub na baƙar fatan Jamaika ne, house ya fito daga unguwannin baƙar fata na Chicago, kwaito kuwa ƴan Soweto da Johannesburg ne suka rage wa house gudu suka sa masa harsunansu. Ko a nan gida ba yau aka fara ba. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan na'ura a Yamai, yana fitar da karin gargajiya da ogan na lantarki, jama'a suka yi shekaru suna jin sa a rediyo da talabijin, ba wanda ya ce ya fita daga al'ada. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Amma akwai wata magana wadda masu suka ba su cika taɓawa ba, ita ce kuwa ta fi damunmu. Faifan 2010 kamfanin BBE na Landan ne ya fitar da shi. Na biyu, Father Creeper, a 2012, kamfanin Sub Pop na Seattle a Amurka ne ya buga. Kaset ɗin Mamman Sani ma sai a 2013 duniya ta san da shi, lokacin da Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi. Wato haja tamu, sikeli na wasu. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka ga zamanin gyaɗa, da ma'aikatan da suka san yadda ake fitar da yuraniyom daga Arlit, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Yaro ya bar shagon ubangida, madalla. Amma in har wani ne ke yanka masa farashi, ubangida kawai ya canza.

Da alama Mathambo ya gane haka, domin a 2014 ya haɗa hannu da Lebogang Rasethaba suka yi fim mai suna Future Sound of Mzansi, wanda ya zagaya biranen ƙasar yana nuna matasan da ke ƙera kiɗa a ɗakunansu. Tarihi kuma ya nuna inda ƙarfin yake. Gqom na Durban da amapiano na yankin Johannesburg da Pretoria sai da suka cika motocin haya da bukukuwan gida tukuna, sannan Turai ta zo tana nema.

Saboda haka kiranmu ga matasan mawaƙa shi ne su gauraya abin da suka ga dama, kalangu ko gurumi da kwamfuta, babu laifi, amma su karanta takardar yarjejeniya kafin su sa hannu, su kuma yi rajistar ayyukansu a hukumar kare haƙƙin mawallafa. Attajirai su sani ɗakin naɗar sauti jari ne kamar motar dakon kaya. Ma'aikatan da aka damƙa wa harkar al'adu kuwa, aikinsu shi ne su tabbata gidajen rediyo da masu shirya bukukuwa suna biyan mai waƙa haƙƙinsa. In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da sayen namu daga hannun wasu, da tsada.