Tukuicin Katin Bashi: Fataken Shanu Su Yi Lissafi

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin Naira, fatake da yawa a Kasuwar Shanu ta Maiduguri suka rungumi na'urar POS. Hakan ya share fage ga katin bashi mai mayar wa mai saye wani kaso na abin da ya kashe.

A ganinmu, wannan tukuici bai kamata ya ruɗi ɗan kasuwa ba. Alal misali, wanda ya sayi bijimin Naira 800,000 da kati, aka mayar masa da kashi 1 cikin 100, ya sami Naira 8,000. Amma idan bijimin ya yi kwantai a Legas har wa'adin biya ya wuce, ruwan kashi 3 a wata zai lashe Naira 24,000. Bashi ba shi da araha: a 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa zuwa kashi 27.5.

Saboda haka, kafin sa hannu, falke ya binciki wa'adin biya, da cajin shekara, da iyakar tukuicin. Mai gudun riba ya tuntuɓi bankuna marasa ruwa irin su Jaiz. Wanda ba zai iya biya duka a kan kari ba, ya tsaya ga jarinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.