A duba wuyan jita kafin a duba sunanta

A duk inda ake cinikin kayan kiɗa na hannu, ko a kasuwar Alaba ta Legas, ko a shagunan Sabon Gari a Kano, ko tsakanin makaɗan biki na Agadas, tambayar farko da mai sayen jitar lantarki kan yi ita ce ta wane kamfani ce. Mai kaya kuwa sai ya ɗaga kan jitar ya nuna rubutun da ke jiki, daga nan farashi ya tashi ko ya faɗi. A ganina wannan tambaya ta sha gaban wadda ta fi ta muhimmanci. Idan jita ce ta gwanjo, mai araha tun daga masana'anta, sunan da ke kanta kaɗan yake faɗa game da darajarta. Abin da ya kamata ya yanke kuɗinta shi ne lafiyar wuyanta da yadda take amsa yatsu, sannan a zo kan batun asali.

Dalilin yana cikin tarihin sana'ar. Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da samfurin Les Paul a 1952, Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954, kuma tun daga lokacin yawancin jitoci masu araha kwaikwayon waɗannan siffofi ne. Masana'antun Japan sun ƙware a kwaikwayon har Gibson ya kai ƙarar dillalin jitocin Ibanez na Amurka a 1977 kan siffar kan jita. Fender ya bi wata hanya a 1982, ya ba wata masana'antar Japan mai suna FujiGen kwangilar ƙera masa jitoci masu sauƙin kuɗi da sunan Squier. Da tsadar aiki ta ƙaru a Japan sai aikin ya koma Koriya ta Kudu, hannun kamfanoni irin su Samick da Cort, daga baya ya gangara Sin da Indonesiya. Waɗannan masana'antu ba wa kamfani ɗaya suke yi wa aiki ba. Jitoci biyu masu suna daban na iya fitowa daga rumfa ɗaya, hannu ɗaya ya fere su. Ga kuma wata matsala: a jita mai siffar Stratocaster kusoshi huɗu ne kawai ke riƙe da wuya a gangar jiki, rubutun kai kuma ɗan tambari ne da ake liƙawa. Kayan da ya ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano zai iya zuwa da wuyan wata jita da jikin wata.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da binciken asali. Amfaninsa shi ne ya hana cuta, ya kuma nuna iyakar da farashi ba zai wuce ba. A juya bayan kan jita, ko a duba farantin ƙarfen da ke bayan mahaɗar wuya, a nan lambar kaya take. A yawancin Squier lambar da ta fara da CY ta Sin ce, mai farawa da IC ta Indonesiya ce, Fender na Meziko kuma kan fara da MN ko MZ ko MX gwargwadon shekarun ƙira. Idan kai ya ce Gibson amma murfin da ke saman wuya kusoshi uku ke riƙe da shi maimakon biyu, a yi hattara, domin uku tsarin jitocin Epiphone ne da na masu jabu. Binciken minti biyar ne, kuma daga nan aikinsa ya ƙare.

Wuya ne ke buƙatar natsuwa. A ɗaga jitar zuwa ido, a hangi tsawon wuyan daga kai zuwa gindi. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, wuyan ya murɗe, kuma murɗewa kusan ba ta da magani a kan kuɗin da jitar ta cancanta. A danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙarafan da aka gitta a wuyan, sai a dubi tsakiya: ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin waya sosai. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙe shi, sai a nemi mai kaya ya ɗan motsa ta a gaban ido, domin idan ta cije ko ta karye an gama. A shafa gefen wuyan da tafin hannu. Katakon da aka busar don ƙasa mai laima yakan tsuke idan ya sha hunturu, bakin ƙarafan ya leƙo waje yana yankar yatsa, wanda zarto ke gyarawa. Ramukan da tsirkiya ta ci a ƙarafan farko sun fi wannan tsada. A jita mai siffar Les Paul kuma a haska bayan kai da fitila, domin nan ne take yawan tsagewa, a like, a rufe da fenti. Kayan lantarkin da mutane suka fi tsoro su ne mafi sauƙi. Makunnin da ke ƙarar-ƙarar ko ramin waya da ya saki, duk mai gyaran rediyo zai yi musu dalma, ɗan gunjin da maganaɗisun Stratocaster ke yi kuwa halinsa ne tun asali.

Daga nan lissafi ya fito fili. Sabuwar Squier ta masu koyo ko ƙaramar Yamaha Pacifica tana tsakanin dala 200 da 300 a kasuwar Amurka, don haka tsohuwarta ba ta da hujjar kai kuɗin sabuwa idan an haɗa da dako da kwastan. Daga abin da ya rage a cire kuɗin sababbin tsirkiyoyi da na duk gyaran da ido ya gani. Mai kaya zai iya buɗe waya ya nuna irinta a shafin Reverb ko eBay da farashi mai tsoratarwa, amma wannan kuɗin da wani ya sa wa kayansa ne. Shafukan biyu suna nuna abin da aka sayar a zahiri, kuma shi ne ma'auni.

Za a ce suna yana da rana idan an tashi sayarwa, kuma gaskiya ne. Squier ta fi jita marar suna saurin samun mai saye, don haka ƙarin kuɗi kaɗan a kanta ba asara ba ne. Sai dai sunan yana ƙara daraja ne a kan jita mai lafiya. Wanda zai saya daga hannunka, musamman makaɗin da ke cin abinci da ita, wuyan zai duba. Wasu kuma za su kawo labarin tsofaffin jitoci masu araha da suka zama dukiya, kamar jar jitar Airline da shagunan Montgomery Ward suka sayar a shekarun 1960, wadda kuɗinta ya yi sama bayan makaɗi Jack White ya yi suna da ita, ko Squier ta farko ta Japan mai lamba JV da masu tara kaya ke nema. Waɗannan sun faru, amma kowanne da dalilinsa: ko shaharar mutum ɗaya, ko ingancin da aka tabbatar. Tsufa kaɗai bai isa ba, kuma kasuwar masu tara kayan tarihi tana can nesa da mai sayen da ke neman abin kaɗawa ranar Asabar.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa jita mai araha tana daƙile mai koyo, gara ya jira ya tara kuɗin babba. Tarihin kiɗan Nijar bai goyi bayan haka ba. Makaɗi Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, ya fara ne da jitar da ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke. Abin da ke sa yaro ya jingine jita shi ne tsirkiyar da ta yi nisa da wuya har yatsa ke ciwo, da sautin da ke kaucewa duk yadda aka ɗaure, kuma ana samun waɗannan a mai suna da marar suna. Saboda haka wanda bai iya kaɗawa ba ya tafi da wanda ya iya, su sa a jona ta da amfilifaya, a bi kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen wuya. Ba a cinikin biri a sama, kuma mai kayan da ya ce babu wuta ko babu waya, sai a taya kayansa a kan kuɗin jitar da ke jiran gyara.