Bayani A Kan Fadamun Maƙarfi Da Sha'anin Rake

Bismillahir Rahmanir Rahim. Nufinmu mu yi magana a kan Maƙarfi, garin rake, a ƙasar Zazzau cikin Jihar Kaduna.

Wanda ya taso daga Zariya ya nufi Kano, in ya iso Tashar Yari ya shiga ƙasar ke nan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, tudu da kwari. Tudu na dawa ne da masara. Amma kwari, inda ruwan damina ke kwantawa a kan baƙar laka, shi ne fadama, nan arzikin yake. Rake yakan yi kusan shekara a gona, damina kuwa ba ta wuce wata 5 ko 6. Saboda haka sai inda ƙasa ke riƙe laima har cikin rani. Da can da jigo ake ban ruwa, yanzu da inji mai shan fetur.

To, a nan magana ta tsaya. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, manomi ya shiga tsaka mai wuya. Ban ruwa ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, rake kuwa kaya ne mai nauyi, mafi yawansa ruwa, ba ya jure ajiya. Hatsi ya jira kasuwa a rumbu, rake bai iya ba. Don haka mai dabara yakan matse shi ya dafa mazarƙwaila, ita ce ke daɗewa.

Waɗansu na cewa, ai Gwamnati ta tsara shirin sukari tun 2012, me ya hana a yi masana'anta a nan? Su sani raken Maƙarfi na sha ne, mai taushi. Na masana'anta, irin na Numan da Sunti, iri ne dabam, kuma yana son fili mai faɗi wuri guda, ba 'yan fadamun gado da aka rarraba tsakanin magada ba. A ganinmu injin matsa da hanya mai kyau sun fi kusa da bukatar talaka.

Saura abin da ya shafi malamai. Manomi in ya rasa kuɗin mai, sai ya sayar wa falke gonar a tsaye, rake bai ko yi zaƙi ba. Shari'a ta hana sayar da amfani kafin kyansa ya bayyana, sai in za a sare nan take. Kuma a mazhabar Imamu Malik babu zakkar noma a kan rake kansa, amma kuɗinsa in ya kai nisabi ya shekara a hannu, akwai. Ya kamata limaman ƙauyuka su bayyana wannan a masallatai tun kafin lokacin sara. Haza wasalam.