Fom Ya Riƙa Duba Kansa, Amma Ya San Sunayenmu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, a zamanin nan da wuya mutum ya gama sakandare bai cike fom ta intanet ba. Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, mai alƙaluma 11. Lambar waya ma 11 ce. In ɗaya ya faɗi wajen rubutu, to, wahala ta samu.

A ganina, wajibi ne kowane fom ya duba abin da aka rubuta tun kafin a aika. Hanyar kuwa tana nan. Akwai wani harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙago a Amurka a 1995. Da shi ake kafa wa kowane gurbi doka: wannan ba a tsallake shi, wancan lambobi zalla, ranar haihuwa kuma kada ta zama 31 ga Fabrairu. A cikin na'urar mai cikewa ake wannan bincike, saboda haka nan take jan rubutu zai nuna masa kuskurensa. Yaron da ya biya kuɗin mota daga Kudan ko Ikara zuwa Zariya sai ya gyara yana zaune, ba sai ya sake dawowa ba. Ai manomin rake a Makarfi tun mota ba ta tashi ba yake ƙirga kayansa.

Sai dai fa dokar da ba ta san mutanenta ba cuta ce. Wasu fom-fom ba sa karɓar alhamza, balle haruffa masu ƙugiya. Mu'azu ya koma Muazu, Ɗanladi ya koma Danladi, gobe a ce sunan ya saɓa da na takardar haihuwa. Laifin wa ke nan? Masu tsara fom su bar wa sunayenmu ƙofa, su kuma bayyana kuskure da maganar da kowa zai gane.

Haka nan, ana iya kashe JavaScript, don haka dole hukuma ta sake dubawa a babbar kwamfutarta. Kuma na'ura ƙirga lamba ta iya, ba ta san taka ce ko ta maƙwabcinka ba. Saboda haka, ɗan'uwa, karanta sau biyu kafin ka danna. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.