Injiniyan Da Ya Leƙa Cikin Ido Ba Da Wuƙa Ba

Mun saba idan aka yi maganar ceton lafiya sai hankalinmu ya tafi kan mai farar riga da abin awo a wuya. Wanda ya ƙare rayuwarsa a ɗakin bincike kuwa, kallon mai ɓata lokaci muke masa. A ganinmu wannan ma'aunin bai cika ba, kuma rayuwar Farfesa James Fujimoto ta isa hujja.

Mutumin nan ba likita ba ne. Injiniyan lantarki ne da ya yi karatunsa a jami'ar MIT ta Amurka, ya kammala digirin digirgir a 1984, ya ci gaba da koyarwa a nan. Aikinsa na farko a kan hasken lesa ne mai walƙiya cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Wa zai ce wannan yana da alaƙa da asibiti?

A 1991 shi da ɗalibinsa David Huang, da Eric Swanson wanda ya ƙware a sadarwar tauraron ɗan'adam, da wasu abokan aiki, suka wallafa dabarar da ake kira OCT a mujallar Science. Ta yi kama da hoton da ake yi wa masu juna biyu, inda ake tura sauti a saurari amsa-kuwwarsa. Nan haske ake turawa. Matsalar ita ce haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, babu agogon da zai auna shigarsa ido da dawowarsa. Sai suka raba hasken biyu: ɗaya ya shiga ido, ɗaya ya tafi ga madubi, a haɗa su idan sun dawo. Daga yadda suka gauraya ake gane zurfin kowane sashe. Tantanin bayan ido, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, sai ga shi hawa-hawa kamar an yanka shi, alhali ko taɓa idon ba a yi ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya biyo baya. Hotunan farko na idon da aka cire ne, ba na mai rai ba. Sai a 1993 aka ɗauki na mai rai, a daidai lokacin da Adolf Fercher ke irin wannan ƙoƙari a Biyana. Na'urar farko ta shiga kasuwa a 1996 ta hannun kamfanin Zeiss, kuma likitoci ba su yi rububinta ba. Wani zai tattara kayansa ya koma wani fannin. Fujimoto ya zauna yana ƙara mata sauri da kaifin gani.

Za a iya cewa ai na'urar ba ta warkarwa, nunawa kawai take yi. Gaskiya ne. Darajarta ma ta fito sosai ne bayan 2006, da aka samu allurar da ake yi a cikin ido don cutar da ke lalata tsakiyar gani a tsufa, domin hoton ne ke nuna wa likita ruwa ya taru ko ya janye, a sake allura ko a dakata. Haka take taimakawa wajen bibiyar illar ciwon suga ga ido, da hawan jinin ido, cutar da ke yawan makantar da mutane a Afirka ta Yamma ba tare da ta yi sallama ba. Tsadarta kam abin ƙorafi ne, don ba kowane asibitin ido ke da ita ba.

A 2023 aka ba Fujimoto da Huang da Swanson lambar yabo ta Lasker a fannin binciken likitanci, shekara 32 bayan waccan takarda. Cikin su ukun, Huang ne kaɗai ke duba marasa lafiya.