Giwa Na Ƙofar Gidanmu, Mu Muna Kallonta a Waya

A ƙarshen hunturun da ya wuce na sauke wani alkawari da ya daɗe a wuyana. Na cika tankin mota, na kwashi uwargida da yara uku, muka bar Salaga bayan sallar asuba muka nufi dajin Mole. Abin da ya tayar da tafiyar bai taka kara ya karya ba. Wata rana autata tana duba littafin makaranta, sai ta nuna mini hoton wata dabba mai ƙaho a lanƙwashe, ta ce, "Baba, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na ce gwanki ne. Ta ce, "Ka taɓa ganinsa?" Na yi shiru. Na haura shekara 50 a duniya, tun ina yaro nake jin ana yi wa gwanki kirari da sha-bara, amma ban taɓa ɗora ido a kansa ba, alhali dajin da yake kiwo yana cikin ƙasar Gwanja, ƙasar da aka binne cibiyata.

Hanyar ba ta da wani ɓoyo. Daga Salaga ka yi Tamale, ka hau titin Kumasi, ka ƙetare Farin Volta a gadar Yapei, ka karya yamma a mahaɗar Fufulso, sai Damongo, sai Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa. Daga nan ƙofar daji ɗan taƙi ne. Tun da aka gama kwaltar Fufulso zuwa Sawla a 2015, uzurin mummunar hanya a wannan ɓangare ya faɗi. Mutumin Yendi da ya yi sammako zai yi azahar a can. Na Bawku ne mai doguwar tafiya, don sai ya bi Bolgatanga da Walewale, amma shi ma yini guda ya ishe shi.

An keɓe Mole a 1958, aka mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa a 1971. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, babu kamarsa a Gana. Idan motarka mai ƙarfi ce, mai tsayin ƙasa, ana barinka ka shiga da ita kai da kanka kana tuƙi, da sharaɗi ɗaya: dole jami'in gandun daji mai bindiga ya zauna tare da kai. Da farko na ɗauka wannan sharaɗi don tsaro ne kawai. Kafin rana ta ɗaga na gane cewa ba don shi ba, da mun zaga dajin nan mun fito ba mu ga komai ba sai ƙurar motarmu.

Ba mu yi nisa ba ya dafa hannuna. "Alhaji, sassauta. Wannan gudun na hanyar Tamale ne." Na sauko har mota ta koma tana rarrafe. Ya ce a kashe rediyo, yara su rage murya. Sannan ya fara koya mana kallo, kamar malami da sabbin almajirai. Ya ce kada mu nemi dabba sukutum, domin ba ta tsayawa a fili ta ce ga ni. A nemi kunnen da ya motsa, ko wutsiyar da ta kaɗa, ko wani layi da ke kwance a tsakanin itatuwan da duk a tsaye suke, wannan gadon baya ne. Ɗana na tsakiya ne ya fara cin jarrabawar. Ya nuna wani wuri da ni ban ga komai ba sai busasshiyar ciyawa, can sai ciyawar ta ɗaga kai: mariya ce, ja-ja-wur, da wasu shida a bayanta. Daga nan ido ya buɗe. Ga gwambaza mai kaurin gashi a bakin fadama, ga mazo mai zane-zanen fari a jiki ya tsaya cik a inuwa, ga mugun dawa ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, da ya ji mu ya cilla wutsiya sama ya zura da gudu, 'ya'yansa na biye a jere. Ga burtu biyu suna taku cikin ƙasaita a inda wuta ta ci.

Ƙudan tsando kuwa ya ba mu namu rabon. Yana bin mota mai tafiya, yana kuma son baƙin tufafi da shuɗi, don haka duk mai niyyar zuwa ya bar shuɗiyar shaddarsa a gida.

A wata kwana jami'in ya ce in tsaya. Ya sauka, ya tsuguna a kan wani tulin kashi, ya fasa shi da kara, ya kai bayan hannunsa kusa. "Da ɗumi," in ji shi. Ya nuna mana sawu a cikin rairayi: na ƙafar gaba zagayayye kamar faifai, na baya ɗan dogo. Ya nuna reshen da aka karya, ɗanyen ruwansa bai ko bushe ba. Muka ci gaba a hankali, muka ɓullo bakin tafki, sai ga su. Toron giwa uku, biyu cikin ruwa sun yi baƙi ƙirin don jiƙa, ɗaya a gaɓa yana ɗibar ƙasa da hanci yana watsa wa bayansa. Ya ce in kashe inji, amma in bar hancin mota yana kallon mafita, kada kuma in tare musu hanya. Kaɗa kunne a hankali fifita ce kawai, in ji shi. Amma in ta baje kunnuwa ta ɗaga kai tana girgiza shi, to sallama ce take yi maka. Mun fi rabin awa a wurin. Ana jin ƙugin cikinsu, ana jin ruwa na zuba daga hanci zuwa baki kamar ana juye tulu. Uwargida, wadda ta zo tafiyar nan don kawai kada a ce ta ƙi, na ji tana ta maimaita tasbihi a hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. A kwana biyun da muka yi, na ga Turawa, na ga ɗaliban da aka kwaso daga kudu a manyan motoci, amma mutanen zangonninmu ban ga ko na rantsuwa ba, sai masu sayar da abinci a Larabanga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wani ya biya kuɗin jirgi daga Jamus ya zo ganin abin da mu tankin mai ɗaya zai kai mu, kuma kuɗin shiga na ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba. Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: kallon dabba aikin wanda ya ƙoshi ne. Ban raina talaucin kowa ba. Amma da waɗanda ke da mota nake, masu kashe ninkin wannan kuɗi a anko na biki ɗaya. Mu ne jikokin fataken da suka taka daga Kano zuwa Salaga neman goro, wata da watanni a daji, madugu na karanta sawu kamar yadda jami'in nan ya karanta mana. Daga wannan zama da daji harshenmu ya samu kanki da gada da kwanta-rafi da ɓauna saniyar sake. Yau yaro yana haddace Suratul Fili a makarantar allo, bai san cewa giwar tana shan ruwa a yammacin garinsu ba. Kalmar da babu mai ganin abin da take nufi, ba ta daɗewa a baki.

Kuma abin yana gudu daga hannunmu. Masu bincike sun dasa kyamarori a Mole tsakanin 2006 da 2009, ba su kama hoton zaki ko ɗaya ba. A wajen gandun, madobiya ta sha sara ana lodinta zuwa Sin duk da haramcin da gwamnati ta sha sanarwa, buhunan gawayi kuma jere suke a bakin titin Damongo. Doka ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara don dabbobi su hayayyafa, amma da rani ya kama, kowa a hanyar Yendi ya san motocin da ke cika da samari da karnuka da kulake, a cinna wa daji wuta saboda 'yan zomaye.

Da na dawo na ba surukina na Bawku labarin giwa, ina zumuɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ka je ka same ta. Mu ita take zuwa ta same mu." Gaskiyarsa. Giwaye na gangarowa daga Burkina Faso ta kwarin Jan Volta, su faɗa gonakin Tilli da kewayen Zebilla da Nangodi daidai lokacin da masara da dawa suka nuna. Babbar giwa na iya cin kilo 150 a yini, abin da ta tattake kuma ya fi wanda ta ci. Manomi ya kwana da abincin shekara, ya wayi gari da karmami, in ya ɗaga bindiga kuma doka ta hau kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan yi wa mutane kiran zuwa kallon giwa ba in rufe ido a kan wannan. Hukumar kula da namun daji ta san dabarun da ke rage ɓarnar: igiya da tsumma da aka shafe da barkono da baƙin mai, ko jerin amyar zuma a gefen gona kamar yadda aka gwada a Kenya. A kai wa manoman kayan kafin kaka, ba bayan an yi ɓarna a zo da takarda da biro ba. A kuma ware wani kaso na kuɗin da giwa ke jawowa a biya wanda ta cinye wa gona. A Mognori, ƙauyen da ke gefen Mole, mutane na samun na cefane daga tuƙa baƙi a kwalekwale da nuna musu yadda ake man kaɗe, don haka dabba mai rai tana da daraja a idonsu. Manomin Tilli bai ga ko sidi ɗaya ba tukuna.

Gwanki dai ba mu gan shi ba. A safiya ta biyu jami'in ya nuna wa autata sawunsa a bakin wani busasshen rafi, kofato biyu masu tsini sun nutse a laka, ya ce garken ya yi arewa, sai an yi doguwar tafiya cikin daji. Ta durƙusa ta auna sawun da tafin hannunta, ta rubuta sunan a littafinta a ƙarƙashin sauran 11 da ta tara, ta bar gabansa babu alama. Mun sa ranar komawa a watan Fabrairu, lokacin da ruwa ke janyewa dabbobi su taru a tafki. Surukina ya ce zai zo da nasa yaran, da sharaɗin in damina ta faɗi ni ma in je Tilli in kwana a bukkar gadin gona.